Matar da Ta Bi Kunkurayenta Cikin Kogi

Kafin motar ƙarfe shida ta ratsa ƙauyenmu na Darimal, Malama Pyo Malsun ta riga ta zura dogayen takalmanta na roba. Takan ɗora shayin sha'ir a wuta, ta yayyanka ragowar kabeji da kawunan kifin da 'yan kasuwa ke ajiye mata, ta cika bokiti biyu, ta zagaya bayan gida tana ɗingishi. A can akwai tafki biyu na siminti da aka kewaye da waya, maza a ɗaya, mata a ɗaya. Da jin ƙarar bokiti sai ruwan ya cika da kawuna. Kunkurayen ruwa ne, sun haura ɗari biyu, kowanne da jan zane a kumatu, kowanne baki buɗe.

"Ku bi a hankali, marasa kunya," haka take ce musu kullum. "Wa ya gaya muku yau abincin duniya zai ƙare?"

In ta gama da su sai ta sha shayinta a tsaye, ta ɗauki littafi da fensir ta gangara kogi duba tarkunanta. Ƙarfe tara ta buɗe ɗan ɗakin da gunduma ta ba ta a bakin ruwa, ta share, ta jera kujeru, ta tsaya a ƙofa tana jiran motar 'yan makaranta. Ni ne nake tuƙa wannan motar, shekara goma sha huɗu ke nan. Sunana Tak Sangdo, aji ɗaya muka yi da ita a firamare, kuma tun a lokacin ba ta da daɗin gardama.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki tana da shekara sittin da bakwai, gwiwoyi sun ce sun gaji. Gunduma za ta ba ta takardar yabo da agogon bango, wani mai kwat zai karanta sunanta daga takarda ya wuce wani taron. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari ni ma in faɗi nawa. Don ba wanda zai faɗa a wurin taron cewa aikin nan ya raba ta da yayarta Okbun, wadda ta goya ta, har suka yi shekara goma sha bakwai a ƙauye ɗaya Okbun ba ta ce mata ko sannu ba. Duk abin da Malsun ta yi a bakin kogin nan, ta yi shi ne tana jiran kalma ɗaya daga bakin yayarta.

Su biyu kaɗai uwarsu ta haifa, kuma kifi take sayarwa a bakin gadar da ake bi zuwa haikali. Okbun ta girmi Malsun da shekara takwas. Kuɗin makaranta bai isa mutum biyu ba, sai Okbun ta fita tun tana aji biyu, ta shiga wanke-wanke a gidajen abinci don in ƙanwarta ta isa ta yi karatu. Duk da haka Malsun ba ta wuce ƙaramar sakandare ba. Ta tafi birni ta shiga masaƙa, ta yi shekara huɗu tana shaƙar ƙurar auduga har ƙirjinta ya soma kuka. Ta fito ta zama kwandasta a motar haya, tana tura fasinja ciki da kafaɗa, tana dukan jikin mota direba ya ja. Da aka daina ɗaukar kwandastoci ta yi aure, auren bai yi shekara biyu ba ya mutu, ba ɗa ba jika. Ta dawo gida da akwati ɗaya ta tarar uwar ta soma ciwon ƙafa, sai ta zauna a bayan teburin kifi.

Duk wanda ya tashi a nan ya san bangseng. Ranar cikar watan farko na shekara iyayenmu mata sukan sayi abu mai rai a hannun ɗan kasuwa, su kai shi bakin kogi su sake, ladan ceton ran ya tafi ga wanda suke so, rayayye ko matacce. Da kifi ake yi. Sai ga wani ƙaramin kunkuru da ake shigowa da shi daga ƙetare, mai jan kumatu, ga araha, ga kyau, ba ya mutuwa a kwano. Malsun ce ta fara kawo shi Darimal, kuma ita ta ƙirƙiro abin da ya sa teburinta ya fi na kowa ciniki. Yawancin tsofaffin matan ba su iya rubutu ba. Sai ta riƙa kifar da kunkurun, ta zana sunan da aka gaya mata a ƙirjinsa da tsinken ƙarfe, ta goga jan fenti a kai don kada ruwa ya wanke ladan. Mata har layi suke yi suna sa mata albarka.

Cikin waɗannan shekaru ne Okbun ta rasa ɗanta Dongsik. Yana da shekara ashirin, yana aikin soja, motarsu ta kife a kan dutse. Okbun ta daina cin abinci har sai da aka riƙa ɗura mata kunu. Abin da ya tashe ta zaune shi ne ranar da Malsun ta kawo mata kunkuru a tafin hannu, da sunan Dongsik a ƙirjinsa.

"Tashi, Yaya, mu kai shi ruwa. Duk inda yake ladan zai same shi."

Tun daga ranar Okbun ba ta taɓa fashin shekara ba. Matar da ba ta iya karanta allon mota ba sai da ta zauna ta kwaikwayi rubutun ƙanwarta har ta iya zana sunan ɗanta da hannunta. Iyakar abin da ta iya rubutawa ke nan a duniya.

Shekara goma sha biyu Malsun ta yi a teburin nan. Uwar ta rasu, ambaliya ta kwashe rumfar, sai ta sake komawa birni tana da shekara talatin da tara, ta samu aikin shara a wata jami'a, a sashen masu nazarin halittun ruwa. Tana goge ƙasa, tana wanke kwalabe, ba wanda ya san sunanta, Iya kawai suke ce mata. Wata rana ɗalibai uku suka sa kunkuru a gaba suna musu, namiji ne ko mace, har sun ɗauko littafi. Ta gaji da jin su, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba:

"Namiji ne. Ku dubi faratansa na gaba, kamar na matar attajiri."

Malaminsu, Farfesa Yuk, ya ji. Ya kira ta ya jera mata guda goma, ta raba su maza da mata, ta faɗi shekarun kowanne, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Daga nan ya riƙa sa ta taimaka wajen auna waɗanda ake kamowa daga koguna. Ana cikin haka aka kawo kwando daga kogin Darimal. Ta ɗauki na uku ta kifar da shi don ta auna, sai ta ga zane a ƙirjinsa. Fentin ya tafi, amma sawun tsinken na nan. Sunan mijin wata maƙwabciyarsu ne, kuma rubutun hannunta ne.

Da farko ma daɗi ta ji, ta kai wa Farfesa tana murmushi, wai ga nata ya rayu. Shi bai yi murmushi ba. Ya zaunar da ita ya tambaye ta ko ta tuna namsengi, kunkurunmu na gida mai layi uku a baya, wanda muke gani yana shan rana a kan duwatsu muna yara. Ta ce ta tuna. Ya ce yaushe rabonta da ganinsa? Ya gaya mata baƙon ya fi ɗan gida girma da ƙarfi da haihuwa, ya ƙwace masa dutsen shan rana, ya ƙwace abinci, ya ƙwace yashin da yake saka ƙwai, ɗan gida kuwa ba ya faɗa, janyewa kawai yake yi.

"Kamar guda nawa ne ke iya lalata kogi irin namu?" ta tambaye shi.

"Ke nawa kika sayar, Iya?"

Ta gaya mini nan take lissafin ya zo mata. Wajen ɗari uku duk shekara, shekara goma sha biyu. Ta ɗauki tsintsiyarta ta shiga banɗaki ta kulle, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne uwarta.

Wani da ya ji irin wannan sai ya ce ai ban sani ba, ya ci gaba da shararsa. Ke kuwa, Malsun, ke ce kika sayi littattafan 'yan sakandare kina da shekara arba'in da ɗaya, kina karatu a ɗakin ajiye tsintsiya lokacin hutun cin abinci. Ke ce kika faɗi jarrabawar lissafi sau biyu kika koma ta uku. Ke ce kika zauna aji ɗaya da yaran da kika haifi kamarsu, da safe ki share ɗakin, da hantsi ki zauna a cikinsa ki ɗaga hannu. Kina da shekara arba'in da tara aka miƙa miki takardar digiri a kimiyyar muhalli, Farfesa ya ce ki zauna ya nema miki gurbi, kika ce a'a, akwai ɓarnar da kika baro a gida.

Ta dawo Darimal da kaka. A lokacin an riga an hana sayar da mai jan kumatu, amma wanda yake so ya san ƙofar bayan da zai ƙwanƙwasa. Ta je haikali ta yi wa mata bayani da hotuna da alƙaluma. Suka saurare ta, suka gyaɗa kai, suka cika mata jaka da wainar shinkafa, suka ce kai, 'yar mai kifi ta zama babbar malama. Ko ɗaya ba ta canza niyya ba.

Ranar bangseng ta zo. Ni na tuƙo ɗaya daga cikin motocin matan haikali, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Sanyi ake yi mai fasa leɓe, ƙanƙara ta kama gefen ruwa. Sunim, malamin haikalin, yana buga 'yar gangarsa ta ice yana karatu, mata sun jeru da kwanoninsu. Sai ga Malsun ta ɓullo daga ƙasa da inda suke, da komar kamun kifi a hannu da ƙaton bokiti, ta shiga ruwan nan har cinya. Duk wadda ta saki kunkuru, kafin ya yi taku biyar ta cafke shi ta jefa a bokiti. Mata suka ɗau salati irin namu, wasu na zagi, wasu na roƙo. Gangar Sunim ta tsaya.

Sai layi ya zo kan Okbun. Ta durƙusa a bakin ruwa da kwanonta, ta dubi ƙanwarta.

"Malsun, wannan na Dongsik ne."

"Na sani, Yaya."

"To matsa ki ba shi hanya."

"Ba zan iya ba, Yaya. In na bar naki, da wane baki zan hana na sauran?"

Okbun ta sa hannu biyu ta saki kunkurun. Na ɗauka Malsun za ta kau da kai. Ba ta kau da kai ba. Ta miƙa komar ta ɗauke shi, muka ji ƙarar faɗawarsa kan 'yan'uwansa.

Okbun ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Na bar makaranta don ki shiga. Na wanke tukwanen mutane har hannuna ya tsage don ki iya riƙe alƙalami. Ashe karatun da za ki yi ke nan, ki sa mini ɗa a bokiti. Ke kika ce mini ladan zai same shi. Daga yau ba ni da ƙanwa."

Ta hau motata ta zauna a kujerar baya, har muka isa ba ta yi motsi ba.

Ni dai a wurina Malsun ta yi gaskiya a kan kogi, amma ta yi kuskure a kan mutane, kuma ba ni na fara faɗa ba, ita ce. Ta sha ce mini, "Direba Tak, da na je gidanta tun jajibere na zauna mun yi kuka tare, da na samo mata wani abin da za ta riƙe kafin in ƙwace wanda ke hannunta. Na fito jami'a kaina cike da alƙaluma, na manta cewa matar nan abu ɗaya ta iya rubutawa." Ta je gidan Okbun washegari, ba a buɗe ba. Ta aika saƙo ta bakin Eunju, 'yar Okbun, sai aka ce da an ambaci sunanta uwar take tashi ta bar ɗakin. Duk lokacin haɗa kimchi na shekara, kabejinmu mai tsami da yaji, Malsun takan ajiye tulu guda a ƙofar gidan, kwana biyu ta same shi a ƙofar nata ba a ko buɗe murfin ba. In suka haɗu a kasuwa Okbun sai ta tsaya tana taya kayan da ba ta da niyyar saye har ƙanwar ta wuce.

Kuskuren nan shi ya koya wa Malsun koyarwa. Tun daga ranar ba ta sake kunyata kowa a bainar jama'a ba. Da gunduma ta ba ta ɗakin bakin kogi aka fara kawo mata 'yan makaranta, ba ta yi musu wa'azi. Takan zaunar da aji guda a kan duwatsu ta ce kowa ya rufe bakinsa minti goma ya kalli ruwa. Ni da nake kwaso su na san wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne, don a motata ko minti ɗaya ba sa yi. Sannan ta ba su aikin gida guda ɗaya tak, kowa ya je ya tambayi kakarsa me da me take gani a kogin nan tana yarinya, ya rubuto. Kakanni suka soma lissafi, kaguwa kaza, kifi kaza, namsengi a kan kowane dutse. Jikoki suka ce to ina suke yanzu? Ba a yi shekara uku ba sai ga tsofaffin da suka zage ta suna biyo motata da sandunansu, wai sun zo ganin abin da ake koya wa yara.

Sunim ma ba ta bar shi ya huta ba. Duk wata sai ta hau dutse ta je ta sha shayinsa, ta ce ita ba ta zo hana ceton rai ba, ta zo ne a ceci wanda yake bukatar ceto. Shekara tara tana wannan hawa da sauka. Yau in ranar bangseng ta zo, matan haikalinmu da lauje da buhu suke fita, su bi gaɓar kogi suna yanke tsofaffin ragar da masunta suka yasar, duk abin da suka samu a maƙale su sake shi, Sunim na biye da su da gangarsa. Okbun kaɗai ce ba ta taɓa zuwa ba. Ta koma wani haikali mai nisa, sai ta hau jirgin ƙasa.

Akwai kuma maganar waɗanda take kamawa. Ma'aikatan gunduma suka ce ƙa'ida ita ce a hallaka su. Ta yi ta zarya ofis har suka gaji da ganinta suka ba ta izinin tsare su.

"Ranka ya daɗe, su ba su sayi tikitin zuwa ƙasar nan ba," ta ce wa babbansu. "Ni na kawo su, ni na rubuta musu suna. In akwai wanda za a hukunta ga ni."

To amma kada in yi muku ƙarya in ce kogi ya warke. Shekarar da ta dawo ta ƙirga namsengi goma sha tara. Bayan shekara shida suka koma goma sha ɗaya, sannan biyar. Tana kwashe baƙi ta nan, sabon titi da ragar masunta na cin 'yan gida ta can. Shekara biyu da suka wuce, da farkon damina, muna dawowa da yara Malsun ta ce in tsaya. Macen namsengi ta ƙarshe da ta rage a kogin ce kwance a kan kwalta, ta fito neman wurin saka ƙwai mota ta bi ta kanta. Malsun ta naɗe ta a rigarta. Ta kira Farfesa Yuk, wanda ya tsufa ya bar aiki, yana gaya mata ta waya yadda za ta yi, ta ciro ƙwai bakwai daga cikin gawar ta binne a kwalin yashi. Uku suka ƙyanƙyashe. Ɗaya bai ga ƙarshen sanyin farko ba.

"Shekara goma sha biyar, Direba Tak," ta ce mini ranar, tana kallon biyun da suka rage. "Na zuba dubu uku da ɗoriya, na ba da yayata, ga abin da na samu, bai cika tafin hannu ba."

Ni kuwa sai na ce ta ci abinci.

Bana da sanyi ya fara raguwa Eunju ta kira Malsun. Ciwon ciki ne ya kama Okbun, likitoci sun ce a bar ta ta huta. Malsun ta dama kunun shinkafa ta hau mota zuwa asibiti. Tana shiga, Okbun ta juya fuskarta bango. Ta rame har ba a ganin tudunta a ƙarƙashin bargo. Malsun ta ajiye kwanon ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon ƙeyar yayarta.

"Yaya, ba sai kin juyo ba. Abu ɗaya na zo faɗa. Kunkurun Dongsik ban kashe shi ba. Yana bayan gidana. Ya kai faranti yanzu, duk tafkin ba mai cinsa, in na zuba abinci shi ke fara hawa kan 'yan'uwansa. Rubutunki na nan a ƙirjinsa, kullum sai na duba. Laifina ne, Yaya, na farko da na biyun duka."

Okbun ba ta juyo ba. Malsun ta jira har ma'aikaciya ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Bayan kwana tara Okbun ta rasu. Kwana ukun da aka yi ana karɓar gaisuwa, Malsun a kicin ta yi su tana zuba wa baƙi miya, don ta ce ba ta san ko mai gawar za ta so a gan ta a gaba ba. Da muka dawo daga maƙabarta ta ce mini, "Shi ke nan, ta tafi da abinta." Ranar na ga tsufa ya sauko mata gaba ɗaya.

Saura mako guda a yi addu'ar kwana arba'in da tara, ina ɗakin bakin kogi ina shan shayi sai ga Eunju. Ta gaishe mu ta zauna tana murza hannun jakarta.

"Inna, akwai saƙon da Mama ta bari. Ta ce kada in faɗa sai lokacin ya matso."

Malsun ta ajiye kofinta.

"Kwana biyu kafin ta rasu ta kira ni. Ta ce in za mu yi mata bangseng, kada mu sayi komai a hannun kowa. Ta ce, 'Ku je ku tambayi Malsun wanne ne ba ya ɓarna. Ita ta yi karatu.'"

"Haka ta ce? Ta ambaci sunana?"

"Ta ambata, Inna. Ta kuma ce in gaya miki ki rage ba shi abinci, Dongsik ma haka yake, in an biye masa sai ya cinye na kowa."

Malsun ta sa gefen rigarta ta rufe fuska. Na tashi na fita duba tayar motata, wadda ba abin da ya same ta.

'Ya'yan namsengin nan biyu dama sun isa saki, takardar izini na hannunta, ranar kawai take jira. Ranar addu'ar, bayan an sauko daga haikali, muka taru a wani lungun kogi mai yashi inda ta shekara tana kwashe baƙi. Ba mu fi mu goma sha biyar ba. Wata tsohuwa ta ciro jan fenti daga jakarta ta ce ko za a sa sunan marigayiya, ko da ɗan ƙarami ne. Malsun ta karɓa ta riƙe hannun matar, ta ce a bar su su tafi da ƙirjinsu fari. Ta ba Eunju ɗaya, ta ɗauki ɗaya, suka durƙusa. Sunim ya fara karatu. Na Eunju ya shige ruwa nan take. Nata kuwa ya tsaya a kan yatsunta ya ƙi tafiya, ita ma ba ta tura shi ba.

"Yaya," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "kin aiko a tambaye ni. To ga amsar, wannan ne ba ya ɓarna."

Ya sauka da kansa, ya bi ƙarƙashin wani dutse, ba mu sake ganinsa ba. Sai da ni da Eunju muka kama ta sannan ta iya miƙewa.

Malama Pyo Malsun, 'yar mai kifi, uwar kogin Darimal, mun gode. Kin yi ɓarna da hannunki ba da sani ba, kamar yadda dukanmu muka yi, amma ke kaɗai kika juya kika bi ta cikin ruwan sanyi. Ban sani ba ko biyun nan za su rayu, ke ma ba ki sani ba, kuma ba ki taɓa yi wa yaranmu ƙaryar cewa kin sani ba. Na gode a madadin yaran da na kwaso miki shekara goma sha huɗu, da kakanninsu, da ni kaina da ban taɓa tsayawa na kalli ruwa ba sai da kika sa ni.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba na ce sai kun koma makaranta da furfura ba, ko da yake ga wadda ta koma. Wanda ya gane ya ɓata wani abu, ya koma ya gyara ko da ba zai ga ƙarshen gyaran ba. Wanda zai hana mutum abin da yake riƙe da shi, ya fara zama kusa da shi ya ji dalilin riƙon. Wanda kuma yake fushi da ɗan'uwansa, in har zuciyarsa ta sauko, ya faɗa masa da bakinsa yana da rai. Malsun ta samu kalmar da ta yi shekara goma sha bakwai tana jira, amma daga bakin Eunju ta ji ta.